DAKORO: Damo ya komo garka

Matafiyin da ya baro Maraɗi ya nufi arewa, bayan tafiyar sama da kilomita 100, sai ya iske Dakoro, garin da noma da kiwo suka haɗu. Daga nan gonakin hatsi kan fara janyewa, makiyayar Fulani da Buzaye ta buɗe har kwarin Tarka. A gefen gari akwai garake masu shingen ƙaya, inda wasu magidanta suka ƙyale aduwa da magarya da kalgo suna girma. A irin waɗannan garake ne, in ruwan shuka ya sauka, mai shara kan ɗaga tarin ganye ya yi arba da damo kwance yana shan hantsi. Nan da nan yara sun sheƙo da sanduna.

Kama da wane ba wane ba ne: guza na bin bakin ruwa, damo kuwa ɗan tudu ne. Rani duka yana laɓe cikin rami ko tsohon suri, bai damu da ci ba, sai damina ta fito da shi. Ba banza ba aka yi masa kirari da sarkin haƙuri. Cimarsa fara, ƙwari, kunama da ƙadandoniya; ba ya taɓa hatsi, ba ya taɓa yakuwa. Mai kaji dai ya kiyaye ƙwansa.

Fari na 1973 da na 1984 sun bar wannan yanki tsirara. Daga baya manoman jahar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin kututture ya toho maimakon a tumɓuke shi. Inda itace ya komo, inuwa da ƙwari kan biyo baya, damo kuma ya bi sawunsu. A can arewa, gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955 da faɗin hekta 76.000, ya sami shaidar UNESCO a 2017, kuma a 2018 aka kai masa raƙuman dawa 8 daga Kure. Amma gandu ɗaya ba ya riƙe dabbobin ƙasa duka. Sauran sun dogara ga mai garka.

Abin da ke cinye damo namansa ne da fatarsa, wadda dukawa ke nema don jaka da takalma. Ƴan kasuwa su sani cewa yarjejeniyar CITES ta hana fitar da fatar waje ba da takarda ba, kuma doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta a Nijar. Ma'aikatan gandun daji su ma da sauran aiki a gabansu, domin dokar da ba ta isa kunnen yaro mai sanda ba, ba ta ceci kome ba.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Amma damo ba baƙo ba ne a Dakoro. Ɗan gari ne da ya riga kowa zama. A ba shi hanya ya wuce.