Kalma da Abokiyar Zamanta

Kowane harshe yana da kalmomin da suka saba zama tare, alhali babu wata dokar nahawu da ta ɗaura musu aure. Na daɗe ina bibiyar yadda Sinawa masu koyon Turanci ke tuntuɓe a wannan gaɓa, domin tuntuɓen nasu yana bayyana abin da littafin nahawu kan yi shiru a kansa.

A Sinanci magani cin sa ake yi, *chi yao*, sai ɗalibi ya rubuta *eat medicine*, Bature kuwa *take medicine* yake cewa. Fitila buɗe ta ake yi, *kai deng*, daga nan *open the light* ta maye gurbin *turn on the light*. Ruwan sama mai ƙarfi a wurinsu babba ne, *da yu*, sai ya fito *big rain*, alhali Turanci nauyi yake ba shi, *heavy rain*. Haka *learn knowledge* ta samo asali daga *xuexi zhishi*, inda *gain knowledge* ta fi dacewa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta karya nahawu, shi ya sa ɗalibi ba ya ganin aibinsu. A shekarar 2003 Gui Shichun da Yang Huizhong suka fitar da taskar rubuce-rubucen Turanci na ɗaliban Sin, mai kalmomi kimanin miliyan 1, kuma suka ware wa kuren haɗa kalmomi rukuni nasa dabam. A ganina tushen matsalar shi ne haddace kalma ita kaɗai tare da fassararta. Idan lokacin rubutu ya zo, harshen uwa ne ke zaɓa mata abokiyar zama. Abin ba ƙarami ba ne ga wanda zai zauna *gaokao*, jarrabawar shiga jami'a a Sin, inda harshen waje yake cikin manyan darussa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, mu ma hali ɗaya muke ciki. Bahaushe shan magani yake yi, ko da ƙwaya ce busasshiya. Basine yana cin ɗaci, *chi ku*, mu muna shan wahala. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ya biyo ta Faransanci yana da nasa tarkon: *passer un examen* zaman jarrabawa ne kawai, amma *pass an exam* cin ta ne.

Shawarata ga mai koyo ita ce, kada ya shigar da kalma cikin littafinsa ita kaɗai. Ya rubuta suna tare da aikatau da sifar da suka saba raka shi, ya kuma riƙa duba ƙamus na musamman, irin wanda Oxford ta fitar a 2002 domin haɗin kalmomi. Wanda ya san *rain* bai san *heavy* ke tafiya da ita ba, rabin kalmar ya sani.