Yatsan Maharbi Da Sanyin Hunturu

Ku 'yan makaranta, da yawa daga cikinku za su tafi ƙauye hutun Disamba, waɗansu kuwa lalle za su bi yayyensu ko kawunnansu farauta. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba ku labarin abin da ya same mu a fadamar Galma, kusa da Zariya, ko da yake ba labarin yabon kai ba ne.

Mun fita tun da assalatu tare da wani tsohon maharbi da jikansa, yaro ɗan shekara 12, wanda ke riƙe da jaka. Zabin daji muke nema, su kuwa an fi samunsu da sassafe, sa'ad da suka sauko daga itatuwan da suka kwana. Da yake mun daɗe muna roƙonsa, tsohon ya ɗura bindigarsa ta toka ya ba mu, ya zaunar da mu a gindin wata ɗorawa, ya ce kada mu motsa. Jaura na kaɗawa, hazo ya rufe ko'ina. Muka yi kusan sa'a guda, hannun hagu a kan ƙarfen bindiga, yatsan dama a kan kunama, wai mu nan gwanaye, a shirye muke. Can muka ji motsi cikin ciyawa, muka yunƙura za mu gyara zama, sai bindiga ta tashi. Ba mu san lokacin da yatsan ya ja ba. Harbin ya ɓare ɓawon wani itace, bai fi taku uku daga inda yaron ke tsugune ba.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya karɓi bindigarsa, ya kama yatsanmu ya matsa, ya ce, "Malam, ka ji na taɓa ka?" Muka ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To, yatsan da bai ji mutum ba, ina zai ji kunama? Sa hannun a hammata."

Abin kunyar shi ne, an koya mana dalilin wannan a kwalejin horon malamai, har mun sha rubuta shi a allo. Zafin cikin jikin mutum digiri 37 ne, jiki kuwa ba ya yarda ya ragu. In sanyi ya buge shi, sai ya tsuke ƙananan hanyoyin jini na yatsu, ya tattara jini wajen zuciya da huhu, kamar yadda mai gida kan janye dukiyarsa ɗaka in ya ji ɓarayi. Da zarar fatar yatsa ta sauko wajen digiri 15, aikin hannu ya fara lalacewa. In ta ƙara sauka, ji ma sai ya ɗauke. Ƙarfe kuwa ya fi itace saurin janye zafi nesa ba kusa ba, iska kuma tana share ɗan ɗumin da ke kan fata. Kun ga ke nan ba sai an je ƙasar ƙanƙara hannu ke sandarewa ba.

A shekarar 1930 wani likita a Landan, Thomas Lewis, ya nuna cewa in aka tsoma yatsa cikin ruwan ƙanƙara, bayan minti 5 zuwa 10 hanyoyin jinin kan buɗe da kansu, yatsan ya yi ja ya ɗan ɗumama, sa'an nan su sake tsukewa. Jiki yana ƙoƙarinsa ke nan, amma ba abin dogara ba ne ga mai riƙe da bindiga.

Tsohon bai taɓa jin sunan likitan nan ba, amma da muka zauna muka lura da shi, sai muka ga duk abin da littafi ya faɗa yana yi. Ba ya fita sai ya ci ɗumame, domin cikin da ba kome ba ya hura wuta. Yakan sa taguwa biyu, ya naɗe kai da wuya da rawani, don in ƙirji ya yi ɗumi jiki ba ya rowar jini ga hannu. Ya ɗaure wuyan hannu da tsumman bargo, wannan kuwa hikima ce babba, gama yawancin tsokar da ke motsa yatsu tana cikin sangalin hannu ne. Bindiga tana kwance a cinyarsa, bakinta na duban inda ba kowa, hannuwansa na cikin riga, ba ya fito da su sai nama ya bayyana. A aljihunsa akwai gasasshen dankali naɗe cikin tsumma, yana ɗumama yatsu da shi, in ya huce ya cinye. Turawa suna sayen waɗansu 'yan ƙunshi masu garin ƙarfe, waɗanda ke ba da zafi in iska ta shige su ƙarfen ya yi tsatsa. Mu dai a ganinmu dankalin ya fi, tun da ba a cin garin ƙarfe.

Muka ce ai da mun zo da safar hannu. Ya yi dariya, ya ce mai kauri ba ta barin yatsa ya san nauyin kunama, sai dai a yanke kan yatsa ɗaya. Ta ulu ta fi ta auduga, don auduga in ta jiƙe sanyi take ƙarawa. Man kaɗanya yana maganin kaushin hunturu, amma da dare ake shafa shi, kada hannu ya yi santsi. Ya kuma hana mu kara hannu a wuta: fatar da ba ta ji takan ƙone mai ita bai sani ba, balle ga albarushi a jaka.

Da hantsi ya harbo zabi biyu, muka kamo hanyar gida. Yaron ne ya saɓo bindigar, ba kome cikinta, mu kuwa aka ba mu jaka. Da muka iso ƙofar gida tsohon ya tsaya, ya ce, "Malam, kai za ka gaya wa uwarsa, ko ni?" Muka ce mu za mu gaya mata.