Igiya mai ƙulli da littafin rijiya

Akwai wani dattijo manomi ga wata tunga kusa da Kore Mairuwa. Gonarshi tana bakin fadamar Dallol Mawri, gindin wani tudu mai dajin geza da sabara. Dallol ɗin nan tsohon gulbi ne. Tun zamanin da ya bar gudu, rairayi ya cike shi, amma ruwa suna nan kwance ƙarƙashi. Ya biyo ta Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri, ya gangara ƙasar Gaya. Shi ya sa rijiyar fadama ba ta kai zurfin rijiyar tudu.

Wata shekara, bayan an yanke hatsi, dattijon ya sai da sa guda, ya kira magina rijiya don ya yi garka. Da sunka tadda ruwa sai sunka tsaya nan, kowa na murna. Ya shuka albasa da tumatir. Da zafi ya kama, guga ya koma ɗebo laka. Albasa ta bushe tun ba ta yi kai ba. Kuɗin sa sun tafi banza.

Babban ɗanshi ya ce: "Baba, bana in an gama aikin gona Kurmi za ni. Garka ba ta ci da mutum." Dattijon bai ce komi ba. Sa guda ya rage mishi.

Ana nan sai ma'aikatan ruwa sunka zo auna babbar rijiyar gari. Rijiyar siminti ce, irin waɗanda OFEDES ta gina. Ita OFEDES ma'aikata ce da gwamnati ta kafa cikin 1963, ta daɗe tana ginar rijiyoyi cikin karkara. Dattijon ya ga sun zura tsinkiya mai lambobi, sun rubuta. Ya matsa ya ce ma ƙaraminsu: "Ɗana, mi kuke nema?"

Saurayin ya ce: "Baba, ruwan ƙasa suna hawa, suna sauka. Bayan damana suna sama, ƙarshen bazara suna ƙasa. Wanda ya gina rijiya da kaka, ya tsaya inda ya fara tadda ruwa, bazara za ta bar shi da laka."

Nan dattijon ya gane abin da ya same shi. Ruwa ba su tsami banza.

Ya taɓa yin karatun manya, ya iya rubuta lamba. Sai ya samo igiya sabuwa, tela ya ara mishi metir, ya yi ƙulli ga kowane rabin metir. Ga bakin igiyar ya ɗaura ƙaramin gwangwani a kife, da ɗan ƙarfe don nauyi. In gwangwanin ya taɓa ruwa, ana jin ƙararshi daga sama. Ya yi shaida ga bakin rijiya, don kullum daga wuri guda za a auna. Kowace Juma'a da asuba, tun mata ba su fara ja ba, shina auna rijiya uku: tashi, da ta gari, da wata kusa da tabki. Ɗanshi na riƙe da littafi, ba don ya so ba.

Da damana ta faɗi, sunka hau tudu su ga inda ruwa ke fitowa. Sunka yanke gindin wani gwangwani, sunka kafa shi cikin ƙasa ƙarƙashin geza, inda ganye ya ruɓe, gara ta huda ƙasa. Sunka zuba litir guda. Nan da nan ƙasa ta shanye. Sunka koma wurin da anka sare itace, ƙasa ta zama fako. Sunka zuba litir guda. Sunka gaji da jira, ruwa na tsaye. Yaron ya ce: "Ashe nan ne ƙoramar da ke cin gonarmu take farawa."

Ga gefen ƙoramar sunka kafa sanda mai zane. Ba su shiga ruwa in suna gudu, don ƙorama tana kashe mutum da dabba. Daga gaɓa suke jefa kara, su ƙidaya har ya ci metir 10. Haka suke sanin saurinta. In ta wuce, shara da kumfa ga jikin sanda suna nuna inda ta kai. Suna kuma cika kwalba da ruwanta, su aje har safe. Lakar da ta kwanta gindin kwalba, ƙasar gonar wani ce.

Wani makiyayi maƙwabcinsu ya san tabkunan dajin duka. Shi ya nuna musu wanda ke saurin ƙafewa. Sunka kafa mishi sanda shi ma, makiyayin na dubawa in ya kawo shanu. Rana da iska ba su shan abin da ya wuce kamar santimetir 1 a yini. In tabki ya sauka fiye da haka ƙwarai, kuma ba dabbobi sunka sha ba, to ruwan ƙasa suke shiga. Littafi ya nuna haka: bayan tabki ya cika, rijiyar da ke kusa da shi ita ta fara hawa, sauran sunka biyo daga baya.

Abin da dattijon ya gani, masana na Nijar da na Faransa sun auna shi gabas da Yamai, ƙasar Fakara. Tsakanin 1963 da 2007 ruwan ƙasa can sun hau da kamar metir 4, duk da farin 1973 da na 1984. Dalili shi ne an sare daji an yi gonaki, ƙasa ta yi tauri, ruwa sunka riƙa gudu zuwa tabkuna, daga tabkuna su nutse. Amma kada wani ya ce saran daji riba ne. Ruwan da sunka gudu sun bar hatsin tudu da ƙishirwa, sun kwashe ƙasa mai albarka, sun yanka kwazazzabai cikin gonaki. Yashin da suke kawowa kuma shina iya cike tabkin kanshi.

Shekara ta zagayo. Dattijon da ɗanshi sunka zauna sunka duba littafi. Sun ga watan da ruwa sunka fi hawa, sun ga watan da sunka fi sauka, gab da faɗuwar damana. Tsakanin biyun, ƙulli uku ne ga rijiyarshi. Ƙulli ukun nan su sunka ci mishi sa.

Bai yi gaggawa ba. Ya jira watan Mayu, tsakar bazara, sa'an nan ya sai da san da ya rage. Magina sunka sauka, sunka tadda ruwa, sunka ce ya isa. Ya buɗe littafi ya ce: "Ku yi haƙuri, ku ƙara. Akwai shekarar fari." Sunka ƙara zurfi, sunka sa zoben siminti don kada rairayi ya rufta. Shi da ɗanshi kuma sunka jera duwatsu bisa fakon tudu don su tare gudun ruwa, sunka bar ƴan sabara da gawo da ke tsirowa cikin gona.

Ranin da ya biyo, albasa ta yi kai. Yaron bai tafi Kurmi ba. Yanzu shi ke zura igiya ranar Juma'a, uban na rubutu. Mai son gina rijiya cikin tungar kuwa, sai ya fara zuwa aron littafi.

Manoma da makiyaya, aikin ga ba ya son kuɗi: igiya, gwangwani, sanda da alƙalami. Sai dai a auna daga wuri guda, a lokaci guda, a rubuta ranar. Kafin a sai da sa, a tambayi rijiyar maƙwabci shekara guda.