Idan Mota Ta Kafe: Sarƙarmu da Ɗamarar Ostareliya

Ostareliya ta ninka Najeriya fiye da sau takwas a faɗin ƙasa, amma mutanenta ba su kai miliyan 30 ba. A ganina daga nan bambancinmu da su ya taso a sha'anin ciro mota. Idan a-kori-kura ta kafe a hanyar ƙauye cikin watan Agusta, kafin direba ya gama salati samari sun fito da fatanya. "Maigida, nawa za ka ba mu?" A yi ciniki, a sauke buhuna, a zuba ƙirare, a tura. A hamadar Simpson ta Ostareliya kuwa sai mutum ya yini bai ga mai tura masa ba. Mu da mutane muka dogara, su da kaya.

Nan jihar Kwinsland, wurin ganin wannan aiki shi ne tsibirin K'gari, wanda aka sani da Fraser kafin a mayar masa da sunansa na asali a 2023. Shi ne tsibirin yashi mafi girma a duniya, kuma bakin tekunsa hanya ce ta hukuma, har da iyakar gudu ta kilomita 80 a awa. Tun daga mashigin Inskip, inda ake hawa jirgin fito, motoci ke nutsewa a rairayi. Kuma akwai gaggawa, domin teku na cikowa a kan lokacinsa, ba ya jiran wanda ya kafe.

Duk da haka ba sa fara da ja. Sai an rage iskar taya, an ɗauko shebur an yashe gaban tayoyin da ƙarƙashin motar, an cusa allunan roba masu haƙora irin na Maxtrax. Sau da yawa nan aikin ke ƙarewa. Wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Dirku ba zai ga baƙon abu ba: direbobin Tenere sun daɗe suna sace iska suna shimfiɗa farantan ƙarfe a gaban taya, kuma motocin ma ɗaya ne, Hilux da Land Cruiser.

Inda hanya ta rabu shi ne ɗamarar fizga. Ta nailan ce, faɗinta kamar tafin hannu, tsawonta galibi mita 9, tana miƙewa har kusan kashi 20 cikin 100. Ana shimfiɗa ta a ƙasa ba murɗa, a bar ragowar kamar mita 2 a kwance. Mai ja ya taso a hankali a giya ta biyu, na cikin rami shi ma ya ba tasa wuta. Ɗamarar ta miƙe, ta tara ƙarfi, ta dawo, sai ka ga mota ta fito sumul. Aikinta irin na danƙon harbin tsuntsu ne, kuma haɗarinta ke nan: duk ƙarfen da ya ɓalle daga bakinta shi ne dutsen.

Cikin abubuwan da ke kashe mutane a wannan aiki akwai ƙwallon ƙarfen nan na bayan mota da ake maƙala ƙaramar tirela. Ido na ganinsa zai ce ai don wannan aka yi shi, ga shi a daidai wurin, madaukin ɗamara na shiga cikin sauƙi. Amma an yi shi ne don ja mai ɗorewa a kan titi. Fizga ɗaya tana iya karya wuyansa, ya taso ya fasa gilashi ya sami direba ko na kusa da shi. An yi asarar rayuka ta haka, har gwamnatin tarayyar Ostareliya ta sa doka. Ƙa'idar da ke aiki yanzu ta 2017 ce, hukumar kare masu saye ta ACCC ke kula da ita, kuma ta wajabta rubuta gargaɗi a kan kowace ɗamara da ake sayarwa. Ana son ƙarfin tsinkewarta ya ninka nauyin motar da lodinta sau 2 zuwa 3, wato mota mai tan 3 da 'yan kai ta dace da ɗamara mai tan 8. Abin mamaki, wadda ta fi haka ƙarfi ba ta fi aminci ba, domin ba za ta miƙe ba, duk bugun sai ya koma kan mota. A ɗaura ta a maɗaurin da aka yi don wannan aiki, wanda ke manne da shasi. A ɗora bargo mai nauyi a tsakiyarta don ya danne ta ƙasa in ta tsinke. Fasinja su sauka. 'Yan kallo su ja baya ninki ɗaya da rabi na tsawonta, wato mita 13 da rabi ga mai mita 9, kuma a gefe, ba a kan layin ja ba.

Na ga an tsayar da aiki cak saboda yarinya ɗaya da ta matso da waya za ta ɗauki hoto. Ba wanda ya taka totur sai da uwarta ta janye ta bayan tudu.

Mu a gida da sarƙa muke ja, kuma ba na cikin masu raina ta. Ga gingimari da ta nutse har gindi da lodin masara, sarƙa mai kauri da tarakta ko janwe su ne magani, kuma manoman nan ma da ita suke aiki. Sharaɗinta ɗaya ne: ba ta miƙewa, don haka ba a fizgarta. A ja har ta tsaya sanƙam, sannan a ƙara wuta kaɗan-kaɗan. Mu kuwa, in an ja sau biyu ba ta fito ba, sai ka ji jama'a sun ɗauka: "Direba, ja baya ka taso da gudu!" Wato muna yi wa sarƙa aikin ɗamara. Ga ta kuma an taɓa haɗe ta da ƙusa ko waya inda ta tsinke bara, an rataya ƙugiyarta a bamba, ko a ɗan madaukin da kamfani ya yi don ɗaure mota a jirgin ruwa. Ga yaron mota tsaye a tsakani yana ba da hannu, yara sun yi da'ira, masu turawa sun jingina da bodi.

Kada a ɗauka mutanen nan sun fi mu hankali. Cikinsu akwai mai sayen kayan dubban daloli ya kasa haƙurin haƙa na minti goma, ya fizga da ƙarfin tsiya ya tsinke gaban motarsa. Haƙurin samarinmu na sauke kaya da yashe laka shi ne rabin aikin, domin laka tsotsar mota take yi, kuma kowane shebur da aka kwashe ragi ne a kan abin da sarƙa za ta ɗauka. Ba na kuma fatan ɗamarar fizga ta cika kasuwanninmu ba tare da iliminta ba; a hannun mai ɗaura ta a bamba ta fi sarƙa haɗari. Siririyar ɗamarar ɗaure kaya kuwa, wadda wasu ke jan mota da ita, ba a yi ta don haka ba sam.

Abin da nake so shugabannin tasha da direbobinmu su ɗauka ba ya cin ko sisi. Kafin a ja, a sami dattijo ɗaya da zai kori kowa zuwa gefe, yaron mota ya fita daga tsakanin motocin, a jefa buhu mai ɗan nauyi a kan sarƙar, mutum ɗaya kaɗai ya ba da umarni. In an ja ba ta fito ba, a koma shebur.