GIDAN SARKI DA YA RENI MASU NEMAN 'YANCI

A tsakiyar Kopanhagan, babban birnin ƙasar Danmak, akwai wani titin 'yan kasuwa da ake kira Kobmagergade, wanda masu tafiya a ƙasa ke cika shi tun daga safe har dare. Baƙon da ya bi wannan titi, abin da zai fara ɗauke masa ido shi ne wata kewayayyiyar hasumiya wadda aka gama ginawa cikin 1642 domin masana ilmin taurari. Maimakon matakala, wata shimfiɗaɗɗiyar hanya ce ke murɗawa a cikinta har kusa da ƙololuwa, har ma Sarki Peter na Rasha ya hau ta bisa doki cikin 1716.

Galibin baƙi sukan hau su sauko, su yi gaba, ba su ko waiwayi wani tsohon gida na jan tubali da ke fuskantar hasumiyar ba. Sunan gidan Regensen, masaukin ɗaliban Jami'ar Kopanhagan ne, Sarki Christian na Huɗu ya buɗe shi cikin 1623. Har yau ɗalibai wajen ɗari ke kwana a cikinsa. A tsakar gidan akwai wata bishiya da suke kira lind, wadda ɗaliban ke yi wa bikin haihuwa kowace shekara. An dasa ta farin cikin 1785, ta yanzu kuwa magajiyarta ce tun 1953.

A wurin mutanen Danmak wannan gida tsohon masauki ne kamar sauran. Amma fa a wurin mutanen tsibirin Aislan, waɗanda ke ce masa Gardur, watau farfajiya, a nan aka ƙulla babban sashe na tarihin ƙasarsu, ko da yake tsakaninsa da ita tafiyar mil 1,300 ce.

DALILIN ZUWA

Aislan tsibiri ne can arewacin Tekun Atlantika, ƙasar ƙanƙara da duwatsu masu aman wuta. Mutanenta sun yi mubaya'a ga Sarkin Norwe cikin 1262, daga bisani da aka haɗe sarautar Norwe da ta Danmak, sai ikonsu ya koma Kopanhagan. Ƙidayar da aka yi cikin 1703 ta nuna dukansu ba su wuce mutum dubu 50 da 'yan kai ba, yawancinsu makiyayan tumaki da masunta.

Ƙasar ba ta da jami'a. Makarantun Latin ne kawai a garuruwan manyan limaman coci, Skalholt da Holar, daga baya aka mai da karatun Bessastadir. Yaron da ya gama can, in yana son ya zama alƙali ko likita ko babban malami, tilas ya haye teku. Shi kuwa Sarki yana bukatar ma'aikata 'yan ƙasa masu jin harshen talakawan tsibirin, waɗanda kuma suka sha tarbiyyar fadarsa. Saboda haka cikin 1579 Sarki Frederik na Biyu ya ba da umurni a riƙa fifita ɗaliban Aislan wajen abincin kyauta da ake ba ɗalibai marasa hali. Da aka gina Regensen sai gatan ya haɗa har da ɗakin kwana. Wannan gata bai yanke ba sai 1918, watau shekara 339 ke nan ana cin moriyarsa.

ZAMAN BAƘUNCI

Tafiyar kanta jarrabawa ce. Kafin jirgi mai hayaƙi ya fara zirga-zirga cikin 1858, ɗalibi yakan shiga jirgin fatake mai tafiya da iska ne wajen ƙarshen damina tasu, ya yi makonni bisa ruwa tare da busasshen kifi da ulu. Da sanyi ya kankama kuwa jirage sun ɗauke ƙafa ke nan. Wasiƙar da uwa ta rubuta wa ɗanta takan yi watanni kafin ta iske shi, wani ma sai bayan an daɗe da binne mahaifinsa yake samun labarin rasuwar.

Cikin 1801 mutanen Reykjavik, wadda ita ce babban birnin Aislan a yau, ba su wuce 300 da 'yan kai ba, alhali na Kopanhagan sun kai 100,000. Sai mai karatu ya auna halin saurayin da ya tashi a gidan da aka gina da duwatsu da ƙasa mai ciyawa, bai taɓa ganin bene ko daji mai dogayen itatuwa ba, ran nan ya buɗe ido a tsakiyar fadoji da kekunan doki. Harshen Danmak da ya koya a littafi, da ya ji shi a bakin masu shi sai ya zame masa kamar wani yare dabam. Tufafinsa na saƙar gida abin dariya ne ga 'yan birni. Don haka 'yan Aislan suka riƙa dunƙulewa wuri guda, tare suke kwana, tare suke gardama, tare kuma suke cin bashi.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba dukan waɗanda suka shiga Gardur ne suka fito da takardar shaida ba. Kuɗin da ake ba su na 'yan shekaru ne ƙayyadaddu, in sun ƙare mutum bai gama ba, sai ya shiga fafutukar neman abin sawa a baki. Waɗansu tarin fuka ya kashe su a ɗakuna masu sanyi. Waɗansu giya ta cinye su, har yau ma akwai wata tsohuwar mashaya mai suna Hviids a dandalin Kongens Nytorv da ake tunawa da ita a kan mazaunin 'yan Aislan. Waɗansu kuma an tsamo gawarsu daga mashigan ruwan birnin. Iyayen da suka sayar da tumaki suka yi wa ɗa guzuri ba su da tabbacin ko alƙali zai komo musu, ko kuwa takardar ta'aziyya.

GOBARA DA LITTATTAFAI

Babbar ƙofar Regensen tana kan wani siririn titi, Store Kannikestraede, inda shaihunan malaman jami'a suke zaune a dā. A nan gidan Arni Magnusson yake. Shi ma ɗalibi ne da ya zo daga Aislan cikin 1683, ya ci gaba har ya zama shaihun malami.

Dukiyar Aislan ita ce tsofaffin littattafanta na rubutun hannu bisa fatar maraƙi, masu ɗauke da labarun kakanni da dokoki da tarihin sarakunan Arewacin Turai, waɗanda aka rubuta da harshen ƙasar tun ƙarni na 12 da na 13. A zamanin Arni talauci ya sa ana yayyanka su ana rufin waɗansu littattafai, ko a yi awon tufafi da su. Sa'ad da Sarki ya aike shi ƙidayar gonaki daga 1702 zuwa 1712, sai ya bi gida gida yana roƙo, yana saye, yana tsintar ko da guntun falle ne, ya kwashe su zuwa Kopanhagan.

Cikin Oktoba 1728 gobara ta tashi, ta yi kwanaki tana ci, ta lashe fiye da rubu'in birnin. Laburaren jami'a da ke saman majami'ar da hasumiyar nan ke jingine da ita ya ƙone ƙurmus, Regensen ma ta taɓu. Arni da mataimakansa sun samu sun fid da yawancin littattafan fata cikin amalanke kafin wuta ta cim ma gidan, amma bugaggun littattafansa da takardu masu yawa sun tafi. Bai daɗe bayan wannan ba, ya rasu cikin 1730, ya bar wa jami'a abin da ya tsira. Tun daga nan duk ɗan Aislan mai son karanta tarihin ƙasarsa daga tushe, sai ya zo babban birnin masu mulkinsa.

SAMARI HUƊU

Abin da fada ba ta hango ba shi ne, waɗannan littattafai za su tuna wa ɗaliban cewa kakanninsu sun taɓa mulkin kansu, da majalisarsu mai suna Althing wadda aka kafa tun 930 a filin Thingvellir, aka kuma rushe ta cikin 1800. Ga shi kuwa a lokacin harshen Danmak ya mamaye ofisoshi da kantunan Reykjavik, har wani masanin harsuna ɗan Danmak, Rasmus Rask, da ya ziyarci tsibirin cikin 1813, ya ji tsoron cikin shekara ɗari harshen Aislan zai mutu a garin.

Cikin 1835 waɗansu samari huɗu da suka yi karatu a Kopanhagan, Jonas Hallgrimsson, da Konrad Gislason, da Brynjolfur Petursson, da Tomas Saemundsson, suka fara buga wata mujalla mai suna Fjolnir, ana aika ta gida cikin jirgi. Kiransu shi ne a tsarkake harshe, a farfaɗo da majalisa, a gyara noma da ciniki. Ba kowa ya yi maraba da su ba. Manoma da limamai da yawa sun ga rashin kunya ce yaran da ke zaune a ƙasar waje su riƙa kushe waƙoƙin da jama'a ke ƙauna, suna kuma sauya ƙa'idar rubutu. Duk da haka maganarsu ta yi tsiro.

Jonas shari'a ya zo karantawa cikin 1832, sai ya karkata ga ilmin halitta da waƙa. Da ya fassara wani littafin ilmin taurari, bai ari kalmomin Latin ba, ya ƙago na harshensa, waɗanda 'yan makaranta ke amfani da su har gobe. Daga Regensen tafiyar 'yan mintoci ce zuwa titin Sankt Peders Straede, inda masaukinsa na ƙarshe yake. A nan wani dare ya faɗo daga matakala ya karye a ƙafa, aka kai shi asibiti, ciwon ya rube, ya rasu ran 26 ga Mayu 1845 yana da shekara 37, ba mata ba dukiya. Tun 1996 ranar haihuwarsa, 16 ga Nuwamba, ita ce Ranar Harshen Aislan.

GIDAN JON

Daga can baƙo sai ya nufi arewa maso gabas, ya wuce lambun fadar Rosenborg, ya kai gida mai lamba 12 a titin Oster Voldgade. Nan Jon Sigurdsson ya zauna daga 1852 har rasuwarsa. Ɗan limamin coci ne daga yammacin Aislan, ya zo karatu cikin 1833, ya bar budurwarsa Ingibjorg a gida, ita kuwa ta jira shi shekara goma sha biyu kafin a ɗaura aure cikin 1845. Jon bai taɓa kammala digirinsa ba, da aikin kwafa da nazarin littattafan Arni yake ci.

Daga cikin tsofaffin takardun nan ya zaro makaminsa. Da Sarkin Danmak ya sauka daga mulkin gashin kansa cikin 1848, Jon ya kafa hujja cewa alkawarin 1262 tsakanin mutanen Aislan ne da Sarki shi kansa, al'ummar Danmak ba ta ciki. Don haka in Sarki ya saki iko, na Aislan hannun mutanen Aislan ya kamata ya koma. Da aka maido Althing ta fara zama a Reykjavik cikin 1845, yakan haye teku ya halarta, ya komo. A taron ƙasa na 1851 wakilin Sarki ya rufe zaman da ƙarfi don ya ga ba za a amince da shirin gwamnati ba, Jon ya miƙe ya ƙi yarda, sauran wakilai suka mara masa baya. Sannu a hankali aka buɗe cinikin tsibirin ga kowa cikin 1855, aka ba shi tsarin mulki cikin 1874. Jon ya rasu ran 7 ga Disamba 1879, matarsa ta bi shi bayan kwana tara, aka kai gawarwakinsu Reykjavik. Gidan nan yanzu mallakar majalisar Aislan ne, matattarar 'yan ƙasar mazauna Danmak.

KOMAWA GIDA

Ran 17 ga Yuni 1911, ranar da Jon zai cika shekara ɗari da haihuwa, aka buɗe Jami'ar Aislan da ɗalibai 45. Cikin 1918 ƙasar ta sami mulkin kai tana tarayya da Danmak a Sarki guda, gatan Regensen kuma ya faɗi, tun da yake wanda ya ce ya girma ba ya tsayawa layin rabon yara. Ran 17 ga Yuni 1944, lokacin da sojan Jamus ke mamaye da Danmak, aka yi shelar jamhuriya a Thingvellir. Amma 'yan Aislan ba su manta da tsohon masaukinsu ba, gidan kwanan ɗalibai na farko da suka gina a Reykjavik cikin 1934, Gardur suka sa masa suna.

Saura littattafai. Bayan doguwar jayayya a majalisar Danmak da kotunanta, ran 21 ga Afrilu 1971 wani jirgin ruwan sojan Danmak ya iso Reykjavik ɗauke da biyu mafiya daraja, dubban mutane suka tarye su a bakin gaɓa. Kafin a kammala cikin 1997 an mayar da 1,666 daga tarin Arni, da 141 daga laburaren Sarki. Ragowar suna Kopanhagan, malaman ƙasashen biyu na aiki a kansu tare.

Yau tafiyar da ake yi cikin makonni ta koma ta awa uku a jirgin sama, samarin Aislan da 'yan matansu kuwa suna bazuwa neman ilmi har Ingila da Jamus da Amurka, Danmak ma ba su daina zuwa ba. A Regensen an fara karɓar mata tun 1971, ɗan Aislan da ke son ɗaki a ciki kuma takarda zai cika ya jira kamar kowa. Mai ziyarar da ya leƙa ta babbar ƙofa, kekuna zai gani jingine da bango da ɗalibai zaune gindin bishiya. Ɗakunan da ke kewaye da su su ne waɗanda Sarki ya tanada don horar da ma'aikatansa masu biyayya, ya kuwa sami da yawa, amma a cikinsu har da waɗanda suka raba jikokinsa da tsibirin.