Wa Ya Gaji Malam Barka?

Allah ya jiƙan Malam Mamman Barka, ɗan Tesker, wanda ya rasu a 2018. Malamin lakwal ne kamarmu kafin gurmi ya ɗaga sunansa a Nijar. Abin da nake girmama shi da shi, bayan ya shahara sai ya koma ɗalibi. A 2002 ya tafi bakin tafkin Chadi wurin tsoho Bukar Tar, ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale, don kada kiɗan ya bi tsohon zuwa kabari.

Jama'a, faifai yana ajiye murya, amma ba ya koya wa yaro kiɗa. Mu malamai, wane yaro muka tura ya ɗauko abin da ke hannun dattawan da suka rage?