Masu ƙera roka a gareji: abin da na gani a faƙon Black Rock

Daga birnin Reno na jihar Nevada, mota za ta yi kusan awa biyu tana nausawa arewa kafin ta isa Gerlach, ɗan ƙauyen da layin dogo ya ratsa. Gaba kaɗan sai a sauka daga kwalta a hau wani faƙo fari fat, ba ciyawa, ba itace, ba ko tururuwa. Gindin tsohon tafkin Lahontan ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce. A nan Andy Green, matuƙin jirgin yaƙin Ingila, ya tuƙa motar da ta wuce saurin sauti a 1997. Abin da ya kawo shi shi ne ya kawo mutanen da na je gani: fili ne da duk abin da ya ƙwace, ko ya faɗo daga sama, ba zai sami kan kowa ba.

Mu dai in an ce roka, yaƙi ke zuwa mana a rai. Su kuwa waɗannan sha'awa ce kawai, kuma da kuɗin aljihunsu suke yi. Akwai likitan haƙori, akwai malamin makaranta, akwai ɗalibai. Yawancinsu 'yan ƙungiyar Tripoli ne, wadda ta faro a 1964 daga wasu 'yan sakandare a yankin Pittsburgh, ko kuma ƙungiyar NAR da aka kafa a 1957.

Wanda na fi zama a rumfarsa wani dattijo ne, makaniken injinan noma da ya yi ritaya. Rokarsa ta fi tsayin mutum biyu, kaurinta kuwa sai ka rungume ta da hannu biyu. Ba ta kanti ba ce da ake saye a kwali a harhaɗa. Shi ya zana ta a kwamfuta, ya yanka kowane sashe a garejin gidansa, ya shafe fiye da shekara yana aikin. Da na tambaye shi me ya fi cin lokaci, sai ya nuna mini yatsunsa. Goge gam da sanfefa, in ji shi.

Gangar jikin bututu ne na faiba. A cikinsa akwai wani ƙaramin bututu da injin ke zama, wanda aka riƙe da zobban katako. Fikafikan uku na gindi su ne wurin da ake gane gwani. Ba a liƙa su a bayan bututu kawai. Sai an tsaga jikin, an zura su har sun taɓa bututun ciki, an cika kowace kusurwa da gam, sannan a shimfiɗa ƙyallen faiba daga bakin wannan fiffike zuwa na wancan. Dalili kuwa, idan roka ta doshi saurin sauti, iska na sa fiffike ya riƙa karkarwa, in bai da ƙwari sai ya ɓalle, roka ta juya gefe ta wargaje cikin ƙiftawar ido. Akwai kuma batun ma'auni. Dole wurin da nauyin roka ya daidaita ya kasance gaba da wurin da iska ke tura ta, da tazarar da ta kai aƙalla kaurin jikinta. Wani injiniyan NASA, James Barrowman, shi ya fitar da lissafin a shekarun 1960, kuma har yau a kansa manhajoji irin su OpenRocket suka dogara. Dattijon ya ɗura dalma a hancin tasa don lissafin ya fita.

Injinan da haruffa ake kiransu, kuma kowane harafi ya ninka ƙarfin na bayansa sau biyu. Yara a makaranta na harba A da B da C. Daga H ake shiga sahun manya, inda ba a sayar wa mutum sai da shaida. Mataki na ɗaya ya ba ka H da I. Na biyu, bayan jarrabawar rubutu, ya ba ka J zuwa L. Na uku shi ne M da N da O. Injin M da dattijon ya ɗauko ya ninka na A sau dubbai, kuɗin makamashinsa ɗaruruwan daloli, kuma zai cinye su ƙurmus cikin 'yan daƙiƙoƙi. Makamashin dangin wanda aka yi amfani da shi a manyan rokokin da suka riƙa ɗaga jirgin Space Shuttle a da ne. Sai da ƙungiyoyin biyu suka kai hukumar ATF kotu a 2000 saboda ta sa shi a jerin abubuwan fashewa, aka yi ta shari'a har 2009 kafin alƙali ya ba su gaskiya.

Na zo da zaton duk hirarsu a kan tashi za ta kasance. Ashe tashi ba ya ba su tsoro. Kowa na iya sayen wuta ya tura bututu sama, in dai yana da kuɗi. Abin da ke hana su barci shi ne saukowa. Roka mai nauyin buhun siminti da ta juyo da ka daga nisan kilomita uku ba tare da laima ba, za ta nutse a ƙasa ne sai an sa shebur. Ga kuma wani cikas: in ka buɗe babbar laima tun a can ƙoli, iska za ta tafi da ita inda ba za ka sake ganinta ba. Saboda haka sai su raba aikin biyu. A tsakiyar roka akwai wani ɗan ɗaki da ke ɗauke da na'urar auna tsayi, wadda ke gane nisa ta hanyar raguwar nauyin iska. Da ta ji roka ta daina hawa, sai ta kunna ɗan albarushi, irin dai wanda 'yan bindiga ke ɗurawa a hawan Sallah, ya balle jikin gida biyu, ƙaramar laima ta fito. Roka ta yi ta faɗowa da sauri amma ba da ka ba. Sai ta kusa ƙasa, wajen mita 300, albarushi na biyu ya tashi, babbar laima ta buɗe. A mataki na uku komai biyu-biyu ake sawa: na'ura biyu, batir biyu, waya biyu, kowace ba ta san da 'yar'uwarta ba. Dattijon ya ce ya gwada albarushin a bayan gida ya fi a ƙirga, yana ƙara kaɗan-kaɗan, har maƙwabta suka saba da ƙarar.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suke tsare junansu. Ba ɗan sanda ko ɗaya a faƙon. Hukumar jiragen sama ta FAA ta ba su takardar izini mai iyakar tsayi da lokaci, sauran kuma na hannunsu. Kafin dattijon ya yanka ko da katako ɗaya, sai da ƙwararru biyu na ƙungiyar suka duba zanensa. A ranar kuma mai kula da tsaro, wani saurayi da bai kai ɗansa ba, ya jijjiga fikafikan, ya tambaye shi ina ma'aunin yake, dattijon ya tsaya yana amsawa da ladabi. Sun san cewa ranar da ɗaya ya yi ganganci, gwamnati za ta rufe wa kowa ƙofa. Wannan amanar ce ta sa a watan Mayun 2004 ayarin Ky Michaelson ya samu damar harba rokar GoFast daga wannan faƙo har kilomita 116, ta zama ta farko ta 'yan sha'awa da ta kai sararin samaniya. Duk Satumba kuma ana taron BALLS a nan, inda masu haɗa injinansu da kansu ke zuwa gwada ƙwanji.

Da aka zo kan dattijon, aka ɗora rokar a kan dogon ƙarfen da ke saita ta, can nesa har ta koma tsinke a ido. Mai lasifika ya faɗi sunanta da nauyinta da harafin injinta, ya tabbatar ba jirgi a sama, ya ƙirga daga biyar. Wuta ka fara gani, sannan ƙarar ta iso ta doki ƙirji. Kafin na ɗaga kai sosai ta ɓace, sai farin layin hayaƙi. Jama'a ba su yi tafi ba. Kowa ya kasa kunne ga 'yar rediyon da ke hannun dattijon, wadda ke karanto tsayi daga na'urar GPS. Sai da lambobin suka fara raguwa a hankali, alamar babbar laima ta kama iska, sannan aka yi sowa.

Ko nan ba a gama ba. Muka bi ta a mota muka same ta kwance cikin ƙura, laimar na jan ta kaɗan-kaɗan. Ƙa'idar samun shaidar mataki na uku, wadda dattijon ke nema, ita ce sai ta dawo a yanayin da za a iya sake harba ta. In fiffike ɗaya ya karye, an faɗi, sai a sake neman wani inji a sake gwadawa. Mai dubawar ya durƙusa ya bi fikafikan ɗaya bayan ɗaya yana murɗawa, ya leƙa bakin bututun ko igiya ta tsaga shi, ya buɗe ɗakin na'urori ya ga duka albarushin huɗu sun tashi. Sannan ya ciro biro ya sa hannu a takardar shaidar a kan bonet ɗin mota.